Gashin ƙashi ta waya bayan an sauya gwiwa: abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Tiyatar sauya gwiwa ba ta cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Likita zai buɗe gaɓar, ya shafce bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda guringuntsi ya cinye, ya ɗora ƙarfe a kan kowanne, ya sa wata roba mai tauri a tsakani, ya ɗinke. Sau da yawa a ranar ko washegari ake tayar da mara lafiya ya taka ƙafar. Aiki ne da ya zauna da gindinsa, domin wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake taɓa su ba. Duk da haka an daɗe da sanin cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa da sabuwar gwiwarsa, ko don zogin bai tafi ba, ko don ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya sa rai. Dalilan suna da yawa, wasu tun kafin a shiga ɗakin tiyata suke, wasu a cikinsa. Amma akwai kaso mai tsoka da ake yanke hukuncinsa a gida, a makonnin farko bayan sallama, lokacin da likitan tiyata ya riga ya wanke hannunsa.

Abu biyu ne ke dakon gwiwar da aka yi wa aiki. Na farko sandarewa. Jiki yana haɗe rauni da wani nama mai tauri, kuma idan gaɓar ta zauna wuri ɗaya naman nan zai kama duk inda ya samu, ya ɗaure ta. Idan aka ɗauki miƙaƙƙiyar ƙafa a matsayin sifili, tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri tana bukatar gwiwa ta lanƙwasu kimanin digiri 65, tashi daga kujera sama da 90, saukowa daga matakala kuwa har wajen 100. Yawancin waɗanda aikinsu ya yi kyau sukan tsaya tsakanin 110 da 120. Miƙewa, wadda mutane ba su cika kula da ita ba, ta fi lanƙwasawa wuyar gyara idan ta kuɓuce. Gwiwar da ta rage digiri 10 ba ta miƙe sarai ba, mai ita zai yi ta ɗingishi, ya riƙa saurin gajiya, don tsokar cinyarsa ba ta samun hutu ko da tsaye kawai yake. Na biyu shi ne raunin tsokar gaban cinya. Wata guda bayan tiyata ƙarfinta yakan ragu da fiye da rabi, kuma ba ramewa kaɗai ke jawo haka ba. Kumburi da zafi suna sa jijiyoyi su rage saƙon da suke kai mata, sai ka ga mutum yana ta yunƙurin ɗaga ƙafa daga kan gado, gumi yana keto masa, ƙafar ko motsi.

Duka biyun lokaci suke bi. Makonni shida na farko su ne zuciyar aikin, kuma zuwa mako na 12 naman da ya haɗe raunin ya fara ƙanƙamewa. Idan gwiwa ta ƙi kai digiri 90, likitoci sukan sa mutum barci su lanƙwasa ta da hannu don su tsinka abin da ya ɗaure ta, kuma an fi samun nasarar wannan idan an yi shi cikin wata ukun farko. Wanda ya bari ya wuce wannan lokaci, maganar takan koma ta wata tiyatar.

A nan ne tambayar take. Mun saba ɗaukar gashin ƙashi a matsayin abin da ake yi wa mutum: a kwantar da shi, a haska masa fitila mai zafi, a jona masa na'ura, a murza. Amma bayan sauya gwiwa, mafi yawan aikin mara lafiya ne yake yin sa da kansa, sau uku ko huɗu a yini, a kan gadonsa. Wanda yake zuwa asibiti sau biyu a mako, awa biyu kacal yake yi a gaban likitan gashin ƙashi cikin awa 168 na makon. Abin da likitan yake bayarwa a wannan ɗan lokaci shi ne ido da awo da hukunci: ya ga yadda ake yin atisayen, ya auna inda aka kai, ya ce a ƙara ko a rage, ya gane ranar da abu ya fita daga hanya. To idan yawancin wannan da ido da baki ake yin sa, me zai hana a yi shi ta bidiyo?

An gwada, kuma tun kafin korona ta tilasta wa duniya. A 2011 Trevor Russell na Jami'ar Queensland da ke Ostireliya da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 da aka sauya wa gwiwa, wasu suna ganin likitan gashi ido da ido, wasu ta intanet, tsawon mako shida. Sakamakon ya zo kusan daidai, kuma da layin intanet mai rauni suka yi aikin. A 2015 Hélène Moffet da Michel Tousignant da tawagarsu a lardin Kwibek na Kanada suka yi wanda ya fi girma, da mutum 205. Kowa ya samu zama 16 cikin wata biyu, rabi likita yana zuwa musu gida, rabi yana ganin su ta allo. Bayan wata huɗu da sallama, na bidiyo ba su gaza na ido da ido ba wajen zogi da sandarewa da iya hidimar yau da kullum. Da suka yi lissafin kuɗi kuma, sai suka ga rangwamen yana fitowa fili ne idan tafiyar zuwa gidan mara lafiya da dawowa ta wuce kimanin kilomita 30. Wanda yake bakin asibiti bai ci wata riba ta kuɗi ba.

Wani gwaji da ake yawan ambatawa shi ne na Jami'ar Duke a Amurka, mai suna VERITAS, wanda aka buga a 2020 da mutum 306. A nan na'ura aka kai gida, mai kyamarar da ke bin motsin jiki, da hoton mai koyarwa a allo yana nuna atisaye, likitan gashi kuma yana dubawa daga nesa. Cikin mako 12, jinyar mara lafiya na tsaka-tsaki a rukunin na'ura ta ci dala 1,050, ta na rukunin da aka saba kuwa dala 2,805. Komawa gadon asibiti sau 12 ne a na farko, sau 30 a na biyu. Lanƙwasuwa da miƙewa da saurin tafiya duk sun yi kunnen doki. Sai dai akwai lamba ɗaya da masu tallar irin waɗannan na'urori ba su cika faɗa ba: kusan 19 cikin 100 na rukunin na'ura sun ce sun faɗi, a ɗaya rukunin kuwa kusan 15. Bambancin ba shi da girman da za a ce na'urar ce ta jawo, amma masu binciken ba su iya tabbatar da cewa hanyoyin biyu daidai suke a nan ba. Kuma kamfanin da ya ƙera na'urar shi ya ɗauki nauyin binciken, abin da bai ɓata sakamakon ba amma ya kamata mai karatu ya sani.

Akwai wani ɓangaren hujja da nake ganin ya fi waɗannan bayyana gaskiyar lamarin. A Ostireliya, gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2017 ya kwatanta waɗanda aka kwantar kwana goma a cibiyar farfaɗo da jiki da waɗanda aka tura gida da tsarin atisaye ana bibiyar su, kuma bayan mako 26 tafiyarsu ɗaya ce. A Birtaniya, gwajin TRIO na 2020 ya zaɓo mutum 334 da tun a mako na shida ake ganin alamar ba za su warke da kyau ba, aka ba wasu zama da yawa a asibiti, wasu aka duba su sau ɗaya aka ba su aikin gida. Bayan shekara, bambancin bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba. A 2020 ɗin ce kuma NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a koya wa yawancin marasa lafiya yin atisayensu da kansu, a ware kulawa ta kusa ga masu wahalar hidimar kansu, ko masu ruɗewar tunani, ko waɗanda aka ga aikin gida bai kai su ba. Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, bidiyo ba wani sirri ne da shi ba. Ya yi daidai da asibiti ne saboda ga yawancin mutane maganin yana cikin maimaita atisaye da samun mai lura, kuma bidiyo yana iya kai mai lurar har cikin ɗaki.

Wajen awo kuwa, kyamara ta fi yadda ake zato. Likitan gashi yana auna kusurwar gwiwa da wani ma'auni mai hannu biyu da yake ɗorawa a gefen ƙafa, kuma ana iya yin wannan awo a kan hoton da aka ɗauka daga gefe, ya zo kusa ƙwarai da na hannu, muddin wayar tana daidai da tsayin gwiwa kuma tana fuskantar ta sosai. Idan aka karkata ta, ko aka ɗauka daga sama, lambar za ta yi ƙarya da digiri da yawa. Ana iya ƙirga sau nawa mutum zai tashi daga kujera ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ana iya auna lokacin da zai tashi, ya taka mita uku, ya juyo, ya zauna. Ana iya ganin ko yana ɗaga ƙafa a miƙe ko gwiwar tana lanƙwashewa kafin diddige ya bar katifa.

A ɗauki zama irin wannan, mako na biyu bayan sallama. Dattijuwa tana kishingiɗe a gado, jikarta tana riƙe da waya, likitar gashin ƙashi kuma tana magana daga ɗaya gefen.

"Mama, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yata, mun gode Allah."

"Madalla. Ƙanwata, ja da baya kaɗan, ki durƙusa, ina so in ga ƙafar tun daga ƙugu har diddige. Yauwa, tsaya nan. Mama, wannan filon da ke ƙarƙashin gwiwa, da shi kike kwana?"

"To ai shi ke rage min zogin."

"Na sani, Mama. Amma shi ne zai hana ƙafar miƙewa. A zare shi a mayar ƙarƙashin diddige, gwiwar ta yi lilo a sarari. Zai yi zafi, ki daure minti biyar, mu gani."

Da a asibiti aka yi wannan zama, ba wanda zai ga filon nan. Da ta kiran murya aka yi, da an tsaya a "da sauƙi". Gani ya kori ji. A zaman nan kuma likita za ta ga tsayin gadon, ta ga dokin ƙofar da za a tsallaka kafin a kai banɗaki, ta ga dardumar da ke zamewa a kan tayil, ta ga cewa babu wuta balle ƙanƙara a firij, ta ce a sayo ledar ruwa mai ƙanƙara a naɗe a tawul a ɗora minti goma sha biyar. Za ta nuna yadda za a naɗe zani a maƙala a tafin ƙafa a riƙa jawo diddige zuwa baya. Wannan fa'ida ce ta gaske wadda ɗakin asibiti ba ya bayarwa.

Amma kyamara ba ta da hannu, kuma a nan ya kamata a yi taka-tsantsan. Ba ta jin ɗumin fata. Ba ta matsa sharaɓa ta ji ko ta yi tauri. Ba ta iya tura ƙoƙon gwiwa gefe da gefe ta ji ko ya kafe, ba ta kuma jin bambancin gwiwar da ta tsaya don mai ita yana tsoron zafi da wadda ta tsaya don nama ya ɗaure ta. Wannan bambanci na ƙarshe shi ke raba wanda lallashi zai wadatar da wanda sai an mayar da shi wurin likitan tiyata. Ja da ke nuna rauni ya harbu ma ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle a ɗaki mai duhu da waya mai arha. Haɗura biyu da ake tsoro bayan wannan tiyata su ne gudan jini da yake daskarewa a jijiyar ƙafa, wanda zai iya ɓallewa ya toshe huhu, da kuma ƙwayoyin cuta su shiga gaɓar, abin da ke samun kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100. Sharaɓa ta kumbura tana ciwo, numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗaure farat ɗaya, zazzaɓi, ɗinki yana tsatsar ruwa ko mugunya, zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ƙafar da jiya ake takawa yau ta ƙi ɗaukar nauyi: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba lokacin kiran bidiyo ba ne, lokacin neman mota ne.

Shi ya sa nake ƙin a ɗauko sakamakon Kwibek ko na Duke a ce shi ke nan, magana ta ƙare. Waɗanda suka shiga gwaje-gwajen nan zaɓaɓɓu ne. An tace masu manyan cututtuka da waɗanda tiyatarsu ta zo da tangarɗa, an kai musu kayan aiki har gida an kafa, akwai mai gyara idan layi ya yanke, kuma likitan da ya yi musu aikin yana nan kusa idan wani abu ya taso. Tsari aka gwada, mai ƙofar komawa asibiti a buɗe. Wanda ya ɗauki bidiyon kaɗai ya bar ƙofar, ba abin da aka gwada ya ɗauka ba.

A wajenmu kuma lissafin ya sha bamban ta wata fuskar. Ana yin wannan tiyata a Najeriya, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa da na kuɗi. Wasu kuma da dama Indiya suke tafiya ko Masar. Mai zuwa waje yakan dawo bayan mako biyu ko uku, wato a tsakiyar lokacin da gwiwar ta fi bukatar mai lura, da takarda ɗaya mai zanen atisaye da Turanci a jakarsa. Wanda aka yi wa a Kano ma, idan daga Nguru ya zo ko Maraɗi, ba zai iya yin zirga-zirga sau biyu a mako ba, kuma zaman awa huɗu a mota da gwiwa a lanƙwashe kumburi kawai zai ƙara masa. Likitocin gashin ƙashi a ƙasar 'yan dubbai ne ƙalilan ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, ga kuma masu ficewa ƙasashen waje. Saboda haka Bature yana kwatanta bidiyo da asibiti, mu kuwa sau da yawa bidiyo muke kwatantawa da babu. Idan babu ɗin ta yi tsawo, sai dangi su kawo mai tausa ko maɗori ya murɗa gwiwar da ke ɗauke da ƙarfe da sabon ɗinki, wanda ƙwarewarsa a karaya ba ta shafi wannan ba ko kaɗan. Tun a 2013 Adesola Odole da abokin aikinta a Ibadan suka gwada bibiyar masu ciwon sanyin gwiwa ta kiran waya kawai, tsawon mako shida, suka ga sun samu sauƙi kamar masu zuwa asibiti. Ba waɗanda aka yi wa tiyata ba ne, don haka ba za a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna cewa mutanenmu suna bin umarni daga nesa idan akwai mai tuntuɓar su.

Akwai kuma abin da ma'aunan da aka yi amfani da su a waɗancan gwaje-gwaje ba su tambaya ba. An tsara su ne don mai zama a kujera, mai kwana a gado mai tsayi, mai masai na zama. Dattijonmu tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai yi sujada. Sujada da zaman tahiya da tsugunno suna neman gwiwa ta lanƙwasu digiri 140 zuwa 150 ko fiye, kuma yawancin gwiwoyin da aka sauya ba sa kai nan. Mutum zai iya samun maki mai kyau a takarda, ya zauna da baƙin ciki a zuciya don ya kasa sauka ƙasa. Gara a faɗa masa tun kafin tiyata, a tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa wanda ya kasa salla a tsaye ya yi a zaune, a kuma gyara banɗaki kafin ya dawo gida. Durƙusawa a kan sabuwar gwiwa ba lallai ta lalata ta ba, amma mutane da yawa ba sa jin daɗinta, kuma lokacin fara gwadawa shawara ce ta likitan da ya yi aikin. Wanda ya san wannan rayuwa ta tabarma da buta shi ya fi dacewa ya zauna a ɗaya gefen wayar, ya yi magana da Hausa. Likitan gashi da ke asibitin Indiya zai iya bibiya ta WhatsApp, amma bai san ɗakin ba, kuma idan abu ya ɓaci ba shi da inda zai tura mutum a Katsina.

Sai batun amana. Duba gwiwa yana nufin buɗe ƙafa har cinya a gaban kyamara, kuma mace tana da haƙƙin ta nemi mace, ta kuma san ko ana naɗar hoton da inda yake zuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman. Intanet kuma cike take da masu kiran kansu ƙwararru, don haka a tambayi lambar rajista, domin hukumar MRTB ce ke ba likitocin gashin ƙashi lasisi a ƙasar.

Da ni za a tambaya, tsarin da zai yi aiki a nan gauraye ne. A haɗu da likitan gashi ido da ido kafin tiyata ko da zarar an dawo, ya taɓa gwiwar, ya auna ta, ya koya wa wanda zai riƙa riƙe waya inda zai tsaya da yadda zai tare mara lafiya idan ya yi tangaɗi. Wannan mai riƙe wayar rabin aikin ne, kuma a gidajenmu ba a rasa shi, abin da tsofaffin Turai da yawa ba su da shi. Bayan haka a riƙa kiran bidiyo sau biyu a mako, ranar da sabis ya ƙi kuma a ɗauki gajeren bidiyo a tura, a amsa da saƙon murya. Atisayen tsaye kada a yi shi sai da mutum a gefe, saboda lambar faɗuwar nan ta Duke. Mai ciwon sukari da ɗinkinsa bai kame ba, da wanda ya saba faɗuwa, da wanda tunaninsa ya fara rikicewa, waɗannan a nema musu masauki kusa da asibiti na makonnin farko ko da ya yi tsada. Sauran kuma a rubuta musu tun ranar farko sunan asibitin da za a nufa cikin dare idan ƙafa ta kumbura, a kuma tsayar da ranar mako na shida da za a zo a auna gwiwar da hannu. Idan a ranar ba ta kai digiri 90 ba, ko ta ƙi miƙewa, likitan tiyata ne zai gan ta a makon, tun da sauran lokacin da za a iya lanƙwasa ta ba tare da an sake yanka ba.